Ranar Da Kular Inna Ta Dawo A Cike

Ranar ɗaya ga watan azumi, a shekarar da na cika sha ɗaya, saura kamar rabin awa a sha ruwa, aka dawo wa Inna da kularta a cike. Baba ne ya dawo da ita, shi da ya kai ta masallaci da hannunsa bayan la'asar. Ni na buɗe masa ƙofa. Liftar gidanmu ta shiga wata na biyu tana hutawa, don haka hawa huɗu ya hawo rungume da shuɗiyar kular nan, ga azumi a bakinsa, hularsa ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa duk da sanyin da ake yi a waje. Ya dire ta a tsakar falo. Inna ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zani, ta ɗaga murfin, ta tarar da kunun yana nan daidai inda ta bar shi, ludayin da ta rataya a jiki ko jiƙewa bai yi ba. Ta dubi Baba. Ya ce, "Hajiya Sala ta ce a gaishe ki, an gode. Wai bana an yi wani tsari." Sannan ya ƙarasa da wata murya da ban san shi da ita ba: "Wai giya kike dafawa." Inna ta mayar da murfin a hankali kamar mai gudun ta da mai barci. Ni kuwa ina tsaye riƙe da hannun ƙofa, kuma duk cikin mu ukun ni kaɗai na san inda maganar ta samo asali. Daga jakar makarantata ta fito.

A Mount Hope, wata unguwa ta Bronx a Amirka, muke zaune lokacin, cikin wani dogon gini na jan bulo, layi biyu daga babban titin Grand Concourse. Matakalar ginin nan kundi ce ta ƙamshi: hawa na ɗaya shinkafa da waken 'yan Dominika, na biyu yajin shito na mutanen Kumasi, na uku dambun wata baiwar Allah 'yar Maraɗi, na huɗu kuwa, idan azumi ya ƙarato, wani ƙamshi mai kama da na ƙasa bayan ruwan farko, wanda duk ginin ya san daga ɗakinmu yake fitowa. Baba yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Inna mutuniyar Bauchi ce, karatunta na boko bai wuce firamare ba, amma shekara shida a jere ita ce ke kai kunun zaƙi buɗa-bakin masallacinmu, wani tsohon shago da aka shimfiɗa wa darduma aka raba da labule. Ba sayarwa take yi ba. Sadakarta ce ga iyayenta da suka rasu tana nesa ba ta ga gawarsu ba. Kuma tana da abin alfahari guda ɗaya a duniya, ban da mu: kununta ko ƙwayar sukari ba ya gani. Direbobin tasi da masu jinyar tsofaffi su kurɓa, su lumshe ido, su rantse an zuba zuma. Ta ce, "Zaƙin a jikin dawar yake. Lallashinta ake yi ta sake shi."

Lallashin yana farawa ne mako guda kafin a ga wata, kuma rabinsa a wuyana yake. Sai mu sayo jar dawa a shagon kayan Afirka, in zauna a kan tabarma in tsince tsakuwa da ƙaiƙayi, ƙawayena kuwa suna ƙasa a bakin gini suna tsallen igiya biyu, ina jiyo ƙirgarsu ta taga. Inna ta ware kwano guda ta jiƙa, ta tsane shi, ta baza a kan jiƙaƙƙen buhu cikin manyan farantan silba, ta lulluɓe da wani buhun, a tura ƙarƙashin gadona saboda nan ne ya fi duhu da ɗumi. Aikina ne in yayyafa masa ruwa kafin in tafi makaranta da bayan na dawo, in juya shi da yatsu kada ya yi fumfuna. A rana ta uku ƙwayoyin su fito da fararen wutsiyoyi, su sarƙe da juna kamar gashin da bai ga mataji ba. Wannan shi ne tsiro. A Bauchi rana ce ke busar da shi. A Bronx kuwa sai muka ba hitar ɗaki wannan muƙami, muna jera farantan a kan ƙarafunta masu tsuwa da tari, har tsiron ya bushe ƙayau. Bilanda uku muka ƙona wajen niƙa. Baba yana kiran su shahidai.

Ranar haɗi kuwa ba a yi wa Inna magana. Ta raba ƙullun dawa gida biyu, babba da ƙarami. Babban ta sheƙa masa tafasasshen ruwa tana juyawa da muciya har ya yi kauri kirtif, muciyar ta tsaya a tsakiya ba mai riƙe ta. Ƙaramin, ɗanye, shi take cuɗawa da garin tsiro da citta da kanumfari da ɗan masoro. Daga nan sai jira, kuma a jiran nan duk ilmin yake. In ka zuba tsiro cikin ƙullu yana tsananin zafi, ka kashe shi, kunu ya fito salam. In ka bari ya huce da yawa, tsiron ya yi kasala, kunu ya tafi tsami kafin ya yi zaƙi. Ma'aunin Inna ɗan yatsanta ne. Takan tsoma shi ta fara "Bismillahir Rahmanir Rahim." In zafi ya kore ta kafin ta kai Rahman, da saura. In ta gama har ta ji za ta iya zarcewa cikin Fatiha, an makara. In ta ƙarasa da ƙyar ta fizge yatsa tana yarfe shi, to lokaci ya yi. Ni kullum ɗoki ke ci na, in ɗauko kwanon tsiro tun tururi na tashi, ta buge min hannu: "Bari ya huce tukuna, Ma'u, kada ki kashe min shi." Sai ta zuba, ta juya, ta rufe tukunya, ta naɗe ta da tsohon bargon Baba kamar mai zazzaɓi. Bayan awa guda da ɗoriya a kware bargo, abin nan da ya riƙe muciya a tsaye ya narke ya zama ruwa, ka lasa ka ji zaƙi har cikin kunne. Na ga wannan fiye da sau ɗari, bai taɓa daina ba ni mamaki ba.

Sai tata. A ɗaura farin ƙyalle a bakin babbar roba, ni in riƙe gefe biyu, Inna ta riƙa kwarfo haɗin tana zubawa. Ruwan farko mai nauyi ne, shi ne uban tafiya. Dusar da ta rage a ƙyalle kuwa ba ta gama biyan abin da ke jikinta ba, don haka sai a bi ta da ruwan ɗumi, kaɗan-kaɗan, da tafin hannu, ya ratsa ta ya wanko zaƙin da ya maƙale. Ruwa na biyu ke nan. Na uku Inna takan ɗanɗana. In ta ji ya fara bauri ta ce ya isa, sauran na tattabarun bayan taga ne. Daga ƙyalle sai firji, ba ya kwana a waje. Ta san sarai abin da kunu ke zama in an sake masa fuska kwana biyu cikin ɗumi, kuma na taɓa ganin ta tuttular da roba guda a makwarara don kawai ta ga kumfa uku sun taso a kai.

To, ana saura mako biyu azumi, malaminmu na kimiyya, Mista Brennan, ya ce kowa ya kawo bayanin wani abu da ake sarrafawa a gidansu, mataki-mataki, da zane a kan kwali. Dogo ne, jan gemu, rigarsa kullum da alli a gwiwar hannu, irin malaman da ke murna da tambaya fiye da amsa. Yara suka kawo burodi da sabulu da ƙanƙarar lemo. Ni na kawo kunun Inna, na zana buhu da wutsiyoyin tsiro da bargon Baba, har da yatsa cikin tukunya. Ina cikin bayani na ga mutumin nan ya miƙe daga kujerarsa, fuskarsa ta yi ja kamar gemunsa. Ya karɓe allin daga hannuna ya hau allo. Ya ce mu duba, a cikin ƙwayar da ta tsira akwai wani sinadari da ke daddatsa sitaci ya mai da shi sukari, amma ba ya aiki sai a wani zafi na musamman. Ya ce shi ma duk ƙarshen mako abin da yake yi ke nan a ɗakin ƙasa na gidansa: ya ɓarza tsiron sha'ir, ya jiƙa shi da ruwan zafi cikin kula ya rufe awa guda, wannan su suna ce masa "mash", sannan ya tsiyaye ruwan zaƙin ya bi dusar da wani ruwan zafin a hankali, wannan kuma "sparge". Littattafai uku ya karanta kafin ya iya, ga wata mata tana yi da yatsa! Ya ba ni maki mafi girma a ajin, ya rubuta da jan biro a saman kwalina, manya-manya: "Your mother is a master brewer!" Na taho gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ɓoye kwalin a jaka, wai sai ranar salla in nuna wa Inna a matsayin barka da salla.

A nan ne ya kamata in gabatar da Rahina, ƙawata, abokiyar zamana a aji, 'yar autar Hajiya Sala ta hawa na biyu. Hajiya Sala ita ce shugabar mata a harkar abincin masallaci, mutuniyar zangon Kumasi, mai faɗa a ji, mai kyauta, mai saurin hukunci. Rahina a nan aka haife ta, irin yaran da ake yi wa magana da Hausa su mayar da Turanci. Ta koma gida tana yaba ni, Allah ya sani da zuciya ɗaya, uwarta ta ce ta faɗa da Hausa abin da malam ya rubuta. Kalmar nan ta Turanci kuwa bargo ce mai faɗi, tana rufe mai dafa shayi da mai haɗa gahawa da mai yin barasa, duk ba ta tambaya. Hausa ba ta da wannan sakacin. Sai ka zaɓa. Rahina ta lalubi 'yar jakarta ta Hausa, wadda duka-duka ba ta fi ta cefane ba, ta zaro abin da ya zo hannu: "Malam ya ce Maman Ma'u gwanin giya ne." Shi ke nan. Daga hawa na biyu maganar ta sauka shagon kitso, daga can ta hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu ta je unguwar Morris Heights ta dawo, ta ƙara ƙiba a hanya. Kafin a ga wata, an riga an gano dalilin da ya sa kunun ke da daɗi haka ba sukari, da dalilin da ya sa wani dattijo ya taɓa yin gyangyaɗi a tarawihi. Mutanen da suka sha shekara shida suna neman ƙari, kowa ya fara tuna cewa shi daman ya ɗan ji wani abu.

Mu koma falonmu. Aka kira salla, muka sha ruwa da kunun da aka ƙi, kula guda ga mutum uku. Na tashi na ɗauko kwalin na ajiye a gabansu ina kuka. Baba ya karanta jan rubutun, ya cire tabarau, ya ce zai je ya samu shugaban kwamitin masallaci, zai rubuta takarda, zai kawo littafi. Inna ta jawo kwalin gabanta. Ba ta iya karanta Turancin ba, amma ta daɗe tana kallon zanen yatsan nan cikin tukunya. Na zaci duka zan sha. Sai ta ce, "Kin zana bargon da kyau." Sannan ta ce, "Jibi za ki kai ni wurin malamin nan."

Ta sa leshinta na zuwa biki, ta yafa mayafi, muka shiga ɗakin kimiyya bayan an tashi, ni ce tafinta. Mista Brennan ya taso da fara'a zai miƙa hannu, ta dafa ƙirjinta, ya mayar da hannun aljihu. Da na gaya masa abin da rubutunsa ya jawo, jinin fuskarsa ya gudu. Ya fara ba da haƙuri, Inna ta ɗaga hannu.

"Ba haƙuri na zo karɓa ba. Tambaye shi, ruwan zaƙin nan da yake tacewa, in ya sha a take, yana buguwa?"

Ya ce ko kusa, jariri ma zai iya sha. Kafin ya zama giya sai ya tafasa shi da wani ganye mai ɗaci, ya huce, ya zuba masa yis, ya toshe shi a tulu mako biyu ko fiye.

"Wato abu ya yi kyau, shi kuma ya bi shi da gangan ya ɓata," in ji Inna. "Ce masa ni a bakin ƙyalle nake tsayawa. Inda ya wuce, shi ya sani."

Na fassara rabin farko da sassauci. Ya yi dariya, ya roƙe ta ta nuna masa aikin yatsan. Ya ɗora ruwa a butar lantarki, ya juye a kwano, ya tsoma ma'aunin zafi, ya juya fuskar ma'aunin yadda ba za ta gani ba, ko da yake ko ta gani bai dame ta ba. Ta tsoma yatsa ta fizge, ta jira. Ta sake, ta jira. A karo na huɗu ta ƙarasa bisimillarta da ƙyar ta ce, "Yanzu." Ya duba, ya dube ta, ya sake dubawa. Ɗari da hamsin da 'yan kai a ma'aunin Amirka, daidai abin da littattafansa uku suka ce. Daga nan fa hira ta ɓalle tsakanin ma'abota sana'a biyu, ni a tsakiya ina haki. Ya yi ƙorafin cewa nasa na bara ya fito da bauri. Ta tambayi yadda yake zuba ruwa na biyu. Ya kwatanta da hannu, kwararawa ɗaya.

"Kai! Ce masa gaggawa gare shi. Ba a kwara shi, yayyafawa ake yi. Kuma ruwan kada ya tafasa, kuma ya daina kwaɗayin ruwa na uku, nan baurin yake." Sai ta tsaya cak, ta dafe baki. "A'uzubillahi. Ma'u, kada ki fassara wannan."

Na riga na fassara. Yana ma rubutawa.

Ya ba mu takarda da sa hannunsa, ya bayyana dalla-dalla cewa abin da Inna ke yi ba shi da ko ɗigon maye, kuma kalmar da ya rubuta yabo ce ga ƙwarewarta. Baba ya juya ta zuwa Hausa da kyakkyawan rubutunsa, ya kai wa shugaban kwamiti, wani Bakano mai shagon kaya, wanda ya karanta ta sau biyu yana gyaɗa kai, ya ce lallai bayani ya yi bayani. Sai dai akwai matsala. Wane ne ya rubuta? Mutumin da ya faɗa da bakinsa cewa giya yake yi a ƙarƙashin gidansa. Ashe ke nan da aka zargi Maman Ma'u, ba wurin liman ta nufa ba, wurin mai giya ta tafi neman shaida, da azumi a bakinta, har an ce an ji su suna dariya. Ban san hukuncin da ya fi wannan tsafta ba: wanda ya san abin ba a karɓar shaidarsa saboda ya sani, waɗanda ba su sani ba kuwa su ne alƙalai. Ba wanda ya ce a zo a ga yadda take yi, alhali hawa biyu ne tsakaninmu da Hajiya Sala. Aka ce dai barin abin da ake kokwanto ya fi, aka shafa fatiha.

Ranar goma ga wata Baba ya matsa mini in bi shi buɗa-baki, wai kada a ce mun yi fushi da ɗakin Allah. Inna ta ce kanta na ciwo. Na shiga ɓangaren mata na zauna a bakin labule, na ga sabon tsarin da idona. A kusurwar da shuɗiyar kula ke zama, katan-katan ne na lemon malt, baƙaƙen kwalabe masu gajeren wuya, sadakar shugaban kwamiti daga shagonsa. Aka miƙo min ɗaya. Ni kuwa tun ina ƙarama ina da wata cuta, ba na iya riƙe abu mai rubutu ban karanta ba. Na juya bayan kwalbar. Ruwa. Tsiron sha'ir. Sukari. Da ganyen nan mai ɗaci da Mista Brennan ya ambata, da sunansa. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, sunan masana'antar da ta yi shi, kuma a cikin sunan ga kalmar nan zaune daram, 'yar uwar wadda aka rubuta min da jan biro. Wato ruwan zaƙin masu giya ne, daga tukwanen masu giya, aka tsayar da shi kafin yis, daidai inda Inna ke tsayawa, sai dai su sun ƙara da sukari saboda ba su iya lallashi ba.

Na miƙe tsaye, kwalba a hannu, na karanta musu da Turanci na fassara da Hausa, kalma-kalma, yadda ba a yi wa Inna ba. Wata ta sauke kwalbarta daga baki ta leƙa cikinta. Hajiya Sala ta karɓi tawa, ta nisanta ta da idonta, ta juya ta, ta miƙo min. Da Hausarsu ta Kumasi, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, ta ce, "Yarinyan nan ya cika baki. Wannan ai na kamfani ne." Ta kafa kai ta sha. Sauran suka bi ta, da ajiyar zuciya irin ta waɗanda aka fitar daga rami.

Na kamfani ne. Na yi karatu bayan nan gwargwadon hali, na ci karo da hujjoji iri-iri, masu ƙafa da guragu, amma ban taɓa gamuwa da wadda ta kai wannan ƙarfin hali ba. Abin da baƙo ya dafa a inda ba ka gani, ya rufe da marfin ƙarfe, ya halatta. Abin da maƙwabciyarka ta yi da bisimilla, ƙofarta a buɗe, shi ne abin tuhuma. A hanyar gida Baba ya ce na yi rashin kunya ga manya, kuma gobe zan je in ba da haƙuri. Da muka zo kwanar layinmu ya tsaya ya saya min askirim, abin da bai taɓa yi ba a ranar makaranta.

Abin da ya fi ci min rai ya zo daga baya. Kafin azumi ya kai ashirin, aka fara ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi, lokacin da matakala ba kowa. Wannan mijinta ne ba ya iya cin komai sai kunu. Waccan 'yarta ce ta haihu, ana son abin da zai kawo nono. Kowace da 'yar gorarta a cikin jaka, kowace da "kada dai ki ce na zo." Har Hajiya Sala ta aiko, wai ba don ita ba. Inna ta cika wa kowa, ba ta taɓa tambayar ko an daina kokwanton ba. Na ce mata ni da ni ce, ko ɗigo. Ta ce ai ba don su take yi ba, kuma in rufe mata baki in riƙe ƙyalle da kyau. Amma da shekara ta zagayo, ƙura ta lafa, kowa ya manta ya taɓa cewa komai, Hajiya Sala ta hawo da kanta har hawa na huɗu, ta zauna ta yi gaisuwa mai tsawo, ta ce jama'a fa suna kewar kula. Inna ta kawo mata ruwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Ayya, Hajiya, bana ban jiƙa dawa ba." Farantan suna ƙarƙashin gadona a lokacin, wutsiyoyi sun fito. Haka ta faɗa a shekarar da ta biyo, da wadda ta bi ta. Shuɗiyar kular ta koma ma'ajiyar takalman sanyi. Ba wanda ya taɓa cewa an yi mata ba daidai ba, ita kuma ba ta taɓa nema ba.

Yanzu ni ma kimiyya nake koyarwa, a wata sakandare da ke unguwar Morrisania, kuma ina auna kowace kalma kafin in ɗora jan biro a kan aikin ɗan wani. Baba ya yi ritaya sun koma Bauchi, inda rana ke busar da tsiro, kuma ba mai tambayar mace dalilin zaƙin kununta. Rahina ma'aikaciyar jinya ce, muna gaisawa. Ba ta ma tuna ita ta faɗa ba. A masallacin har gobe malt ake sha, yaran da aka haifa bayan nan suna zaton haka addini ya zo da shi. Duk azumi nakan jiƙa dawa a ɗakina, kuma da yake ban tsaya na koyi abin a hannun mai shi ba, sai na koma ga littattafan masu yin giya a gida, don a duk faɗin birnin nan su kaɗai na samu suna girmama abin da uwata ta sani. Da mayafina nake shiga shagonsu in sayi ƙyallen tata da ma'aunin zafi, su yi ta mamaki. Ma'aunin ba ya kuskure, amma kununa bai taɓa kamo nata ba. Bara na kira Inna a waya ina tsaye kan tukunya, na sake tayar da maganar kular, ina faɗa ina ƙarawa. Ta saurare ni har na gaji, ta yi 'yar dariya, ta ce ita wallahi sai na tuna mata take tunawa. Sai ta ce, "Ina jin tururi a muryarki. Bari ya huce tukuna, Ma'u, kada ki kashe shi."

Ƙullun ya huce cikin minti ashirin. Ni ce dai har yau da saura.